Ekzima da man tsirrai: wanne ke taimako, wanne ke ɓata fata

Matsalar mai ekzima, wato ciwon fata mai bushewa da ƙaiƙayi, tana farawa ne daga saman fata. Shingen da ke riƙe danshi ya yi rauni, ruwa na fita, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta na shiga. Sai bushewa, sai ƙaiƙayi, sai susa har fata ta yi kauri ta yi duhu, musamman a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. Da hunturu abin ya fi tsanani. Kada a haɗa ta da kyasbi ko makero, waɗannan maganinsu daban ne.

Man zaitun shi ne wanda mutanenmu suka fi yarda da shi, amma a nan bai dace ba. A wani gwaji da aka yi a Sheffield ta Ingila, aka wallafa a 2013, manya sun shafa shi na mako 4, sai shingen fatarsu ya ƙara rauni har da ja. Man irin furen rana bai yi haka ba. Dalili shi ne man zaitun cike yake da sinadarin oleyik, wanda ke sassauta kitsen da ke like ƙwayoyin fata, shi kuwa man irin furen rana sinadarin linoleyik ya fi yawa a cikinsa, kuma fata na amfani da shi wajen gyara kanta. A ci zaitun, amma kada a shafa wa jariri mai ekzima.

Man kwakwa da aka tatsa ba tare da wuta ba yana da hujja mai kyau. A Filifin an gwada shi kan yara 117 na mako 8, tsananin cutar ya ragu da kusan kashi 68 cikin 100, waɗanda aka shafa wa man ma'adinai, wato wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur, kuwa kashi 38. Man kaɗanya yana ɗauke da sinadarai masu rage kumburi irin su lufeyol, kuma yana toshe fitar danshi sosai. A nemi tsantsarsa, wanda bai yi ɗoyi ba kuma ba a zuba masa turare ba.

Yadda ake shafawa ya kai muhimmancin man kansa. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti 5 zuwa 10, babu soso. A daddanna tawul, kada a goge. Cikin minti 3, fata na da sauran danshi, a shafa mai ana bin kwanciyar gashi, sau biyu a rana. Yaron da abin ya bazu a jikinsa zai iya buƙatar giram 250 na mai a mako. Sabon mai kuwa a fara gwada shi a cikin dantse na kwana 7.

Tafarnuwa da lemon tsami suna ƙona fata, man habbatus sauda tsantsa kuma ya sha jawo mummunan borin fata. Haɗaɗɗen man gargajiya da ya kashe ƙaiƙayi a dare ɗaya abin zargi ne: a Landan a 1999 an auna irinsa guda 11 na ganyen Sin, aka samu siteroyid, wato maganin asibiti mai ƙarfi na kwantar da kumburi, a ɓoye cikin 8.

Idan fata ta yi ja tana zafi, mai kaɗai ba zai kwantar da ita ba, sai an haɗa da man da likita ya rubuta. In kuma tana tsatsafo da ruwa, ta yi ɓawo rawaya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito da zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar.