Palm Springs: Garin da Magina Suka Koyi Sarrafa Rana

Duk wanda ya baro Los Angeles ya nufi gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 170 zai ratsa mashigar San Gorgonio, inda tarin injinan samar da lantarki ta iska suke juyawa, sannan hanya ta karkata ta bi gindin tsaunin San Jacinto. Ginin farko da ya tarbe ni a bakin garin Palm Springs, da ke hamadar jihar California ta Amurka, tsohon gidan mai ne, wanda Albert Frey da Robson Chambers suka zana aka kammala a 1965, rufinsa ya miƙe ya yi tsini sama, ya shimfiɗa inuwa mai faɗi a kan ƙasa. A yau ofishin tarbar baƙi ne. Garin da ya ba wa gidan mai irin wannan kulawa ya cancanci a zagaya shi a ƙafa, ana tsayawa ana dubawa.

Sunan garin ya fita ne saboda salon ginin tsakiyar ƙarni na 20, kuma mafi yawan baƙi gidajen manya suke nema. Akwai gidan da Richard Neutra, haifaffen Vienna, ya zana wa attajirin Pittsburgh Edgar Kaufmann a 1946, wanda daga bakin titi kawai na leƙa shi domin gida ne na masu shi, akwai kuma gidan mawaƙi Frank Sinatra na 1947, aikin E. Stewart Williams, mai tafkin wanka da ya yi kama da fiyano. Wanda ya fi taɓa ni shi ne ɗan ƙaramin gidan da Frey ya gina wa kansa a jikin tsauni a 1964. Wani ƙaton dutse ya tarar a wurin, bai fasa shi ba, sai ya bar shi ya shigo cikin ɗaki ya raba wurin kwana da wurin zama, aka yanka gilashi daidai da lanƙwasar jikinsa, har makunnin fitila a jikin dutsen aka dasa shi. Gidan yana hannun gidan adana kayan fasaha na garin.

Amma ni a ganina, ainihin darajar Palm Springs tana cikin unguwannin masu matsakaicin ƙarfi. Tsakanin 1955 da 1965 kamfanin Alexander ya gina gidaje sama da 2,000, da yawansu zanen William Krisel ne, kuma dabarar da ya yi ita ce fasalin ciki kusan iri ɗaya ne, sai a sauya rufi da fuskar gida ta yadda mai wucewa ba zai gane ba. A unguwar Twin Palms na daɗe tsaye gaban wani gida mai rufin da ya ɗaga gefe biyu ya kwanta a tsakiya kamar fukafukin malam-buɗe-littafi. Ƙarƙashin rufin akwai siririyar taga doguwa wadda take shigar da haske ta kuma nuna ƙololuwar tsauni ba tare da maƙwabci ya ga cikin ɗaki ba, a gaba kuma katanga ce ta bulo mai huji-huji da ke tare rana ta bar iska ta wuce. Da hantsi ya ɗaga, inuwar bulon ta zana ado a kan daɓen mashiga, kuma ina kallo adon ya matsa ya gajarta. Wannan ilimi ne na wanda ya zauna ya lura da tafiyar rana, a garin da zafinsa ya kai digiri 51 a watan Yulin 2024.

Sai dai bai kamata a ɓoye cewa gidan gilashi a hamada yana dogara ne da na'urar sanyaya ɗaki, tafkunan wanka da korayen filaye kuma da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haka nan ƙasar tana da masu ita tun asali, wato al'ummar Agua Caliente ta ƙabilar Cahuilla, waɗanda har yau suke riƙe da yanki mai yawa na garin. A shekarun 1950 da 1960, daidai lokacin da ake tayar da waɗannan gidaje, aka rushe aka kuma ƙona matsugunan ma'aikata baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka a yankin da ake kira Section 14, a tsakiyar gari. Hukumar garin ta nemi afuwa a 2021, sannan a 2024 ta amince da biyan diyyar dala miliyan 5.9. Ban ga yadda mai son gine-ginen nan da gaske zai tsallake wannan labari ba, tunda a cikin mutanen da aka kora akwai leburorin gini da masu aikin gidajen.

Mai niyyar zuwa ya nufi watan Fabrairu, lokacin Modernism Week, bikin wannan salon gini da aka fara a 2006, domin a lokacin ne wasu masu gidaje suke buɗe ƙofofinsu ga baƙi, yanayi kuma yana da sauƙi. Ya kuma hau motar igiya da aka buɗe a 1963, wadda take kai mutum kusan mita 2,600 a kan San Jacinto, inda zai ga tsarin unguwannin gaba ɗaya da iyakar da koren gari ya tsaya, yashin kwarin Coachella, wanda garin yake cikinsa, ya ci gaba.