Yadda na gyara ɗan ƙaramin kan jirgin Black Five

Tun da na zauna a Ingila na kamu da sha'awar ƙananan jiragen ƙasa da ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur, kuma a watan jiya na sayi wani tsohon samfurin kan jirgi mai aiki da tururi, irin wanda ake kira Black Five. Asalin wannan jirgi William Stanier ne ya tsara shi, kamfanin jiragen ƙasa na LMS (London, Midland and Scottish) ya fara fito da shi a 1934, aka ci gaba da ƙera shi har 1951, jimilla guda 842. Nawa kuwa na roba ne, a ma'aunin OO, wato an rage girman jirgin gaske sau 76.2.

Duk mai wannan ma'auni ya san aibin da aka haife shi da shi. Faɗin dogon Ingila milimita 1435 ne, wanda in aka raba shi da 76.2 zai ba da milimita 18.83, amma dogon OO milimita 16.5 ne kawai, domin aro aka yi daga ma'aunin HO na kashi ɗaya cikin 87. Dalili shi ne jiragen Birtaniya sun fi na Amurka da na sauran Turai ƙanƙanta, injinan lantarki na wancan zamani kuma ba su shiga cikinsu, sai aka ƙara girman jiki aka bar dogo yadda yake. Da Hornby Dublo, wani jerin ƙananan jirage na ma'aunin OO, ya fito a 1938, abin ya zauna daram. Masu tsananin son daidaito suna komawa ma'aunin EM mai milimita 18.2, ko P4 mai 18.83, su sauya ƙafafun jirgi, su shimfiɗa sabon dogo da hannu.

Na daɗe ina auna wannan aiki, daga bisani na fasa, saboda na lura cewa mai kallo daga gefe ba ya ganin tsukewar dogo. Abin da ke tona asirin samfur shi ne kaurin ƙananan abubuwa. Ƙarfen riƙo da ke bin gefen tukunyar ruwa, alal misali, an zubo shi ne tare da jikin robar, ya zama kamar jijiya a bayan hannu. Na kankare shi da sabuwar reza a hankali, na goge wurin, na huda ƙananan ramuka, sannan na zura siririyar wayar tagulla mai kaurin milimita 0.45 a kan 'yan ƙusoshinta. Aikin ya ci mini dare uku, kuma sau ɗaya rezar ta zame ta yanki jikin tukunyar, sai da na cike na sake gogewa. Amma da haske ya ratsa tsakanin wayar da jikin jirgin, sai kamanninsa suka sauya gaba ɗaya.

Babbar ƙugiyar gaba, wadda ake haɗa taragu da ita, na cire ta, na sa 'yar ƙaramar ƙugiya da sarƙarta kamar ta jirgin gaske. Tulin kwal na roba da ke taragon baya ma na rufe shi da kwal na ainihi, wanda na daka na tankaɗe, na manne da gam da aka tsinka da ruwa.

Saura datti, wanda a ganina ya fi komai wuya. A shekarun 1960, gab da a daina aiki da jirage masu tururi a manyan layukan dogon Birtaniya a 1968, da ƙyar ake wanke waɗannan jirage, baƙinsu ya koma toka-toka. Na bi saman tukunyar da garin fenti mai launin hayaƙi, na sa tsatsa kaɗan wajen birki, da ɗan maiƙo a kan sandunan da ke juya ƙafafu. Gefe ɗaya na zarce da tsatsar, don haka a yanzu wancan gefen ne ke fuskantar bango.