Godiya bayan ziyarar Dan, inda Yerobowam ya kafa ɗan maraƙi

'Yan'uwa cikin Ubangiji, salama a gare ku. Ayarinmu na masu ziyarar Ƙasa Mai Tsarki ya sauka gida lafiya. Yabo ya tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu.

Muna godiya ga iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya da suka sallame mu da addu'a, da zumuntar mata da ba su daina azumi dominmu ba. Matasan da suka riƙe hannun iyayenmu tsofaffi a kan duwatsu masu santsi, Allah ya ba ku masu riƙe ku. Godiya ta musamman ga ɗan jagoran da ya dage sai an kai Tel Dan, a can ƙarshen arewacin Isra'ila, gindin Dutsen Harmon, ko da yake ayari da yawa kan tsallake wurin saboda nisa.

Abin da ke fara tarbar mutum a Dan ruwa ne, mai sanyi ƙarau, yana ɓuɓɓugowa ƙarƙashin inuwar itatuwa, kuma shi ne mafi girma cikin maɓuɓɓugan Kogin Urdun. A wannan wuri mai ni'ima Yerobowam, sarkin mulkin arewa na Isra'ila, ya ajiye ɗan maraƙin zinariya ɗaya, ɗayan kuma a Betel, kamar yadda 1 Sarakuna 12 ta nuna. Tsoronsa shi ne idan jama'a suka ci gaba da zuwa Urushalima yin hadaya, zuciyarsu za ta koma ga Rehobowam, sarkin Yahuza. Bai fito ya ce musu su rabu da Allah ba. Cewa ya yi tafiyar ta yi musu yawa, ga sauƙi ya zo kusa da gida. Ya naɗa firistocin da ba Lawiyawa ba, ya sa idinsa ran 15 ga wata na takwas, watan da ya zaɓa da kansa. Mun gode wa Baba Fasto da ya karanta wannan sura a tsaye gaban masujadar Dan, wato wurin yi wa ɗan maraƙin sujada, ya kuma tuna mana cewa ko sarki Yehu, wanda ya rushe bautar Ba'al, bai taɓa maruƙan nan ba. Mai tsayawa a wurin zai gane dalili: zunubin da ya zo da sunan sauƙi yana da wuyar bari.

Dandamalin duwatsun masujadar ya kai kusan mita 18 kowane gefe, da matakala a gabansa. Ƙarfen da aka kafa mai zankaye huɗu aikin zamani ne, an yi shi don a nuna girman bagaden, kada a ɗauka na asali ne. Ɗan maraƙin kansa ba a same shi ba. Avraham Biran, masanin tonon kayan tarihi, ya fara tono a nan a 1966, a 1993 kuma aka tsinci dutsen da ke ɗauke da rubutun Aramiyanci mai ambaton gidan Dawuda. Yana gidan tarihi a Urushalima, kada a ɓata lokacin nemansa a Dan.

Ga ayari na gaba: a ware awa biyu cur. Inda aka fi yin kuskure shi ne bakin ruwa, mutane su zauna jiƙa ƙafa da ɗaukar hoto har lokaci ya ƙure ba a kai masujadar ba. A fara da ita, sannan tsohuwar ƙofar tubalin laka ta zamanin Kan'aniyawa, hutu ya zo daga baya. A sa takalmi mai kama ƙasa, silifas na kayar da mutum a kan jiƙaƙƙen dutse. Ranar Juma'a ana rufewa da wuri saboda Asabar. Iyakar Labanan na nan kusa ana hangenta, don haka a tabbatar wurin a buɗe yake kafin mota ta tashi. Idan da sauran rana, Kaisariya Filibi 'yan mintuna ce daga nan, inda Bitrus ya shaida Yesu shi ne Almasihu, kuma har yau ana ganin gurabun gumaka sassaƙe a jikin dutsen.

Iyalan da suka riƙe gida da yara muna can, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri.