Ganuwar Nanjing da kabarin sarkin da ya taɓa yin bara

Bayan na gama haɗa kayana a Shanghai, sai na hau jirgin ƙasa mai saurin nan zuwa Nanjing, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Abin da ya kai ni shi ne labarin Zhu Yuanzhang, ɗan manoma da ya kori Mongol daga mulkin Sin.

Na fara da ƙofar Zhonghua, a kudancin tsohon birnin. Ƙofa ce cikin ƙofa, an tsara ta yadda maharin da ya kutsa zai tsinci kansa a tarko. Ganuwar da Zhu ya gina ta kai kimanin kilomita 35, kuma har yau da yawanta na tsaye. Duk wanda ya san yadda badalar Kano ta zaizaye, sai ya yi shiru. Amma tubalin ne ya tsayar da ni. Na matsa kusa, na ga rubutu a jikinsu, wani ya dushe, wani raɗau kamar jiya aka buga. Mai yi mana jagora ya ce sunayen jami'in da ya kula da aikin ne da na wanda ya gasa tubalin. In tubali ya fito da aibi, an san wuyan wanda za a kama.

Halin mutumin ke nan. An haife shi a 1328 a yankin Anhui na yanzu. A 1344 annoba da yunwa suka kwashe iyayensa, ya fake a gidan ibadar Buda, daga nan ya shiga yawon bara. A 1352 ya bi 'yan tawaye masu jan rawani, ya kama Nanjing a 1356, ya murƙushe babban abokin hamayyarsa Chen Youliang a yaƙin tafkin Poyang a 1363. A 1368 ya kafa daular Ming da laƙabin Hongwu, a shekarar kuma dakarunsa suka ƙwace Dadu, wato Beijing ta yau, sarkin Mongol ya tsere arewa.

Ya san zafin talauci, don haka ya sa aka ƙidaya jama'a, aka auna gonaki, kuma bai ɗaga wa jami'i mai cin hanci ƙafa ba. Sai dai zargi ya yi masa katutu. A 1380 ya kashe wazirinsa Hu Weiyong, ya soke muƙamin ɗungurungum, dubban mutane suka bi shi lahira bisa zargin haɗa baki. Ni dai ban ga yadda za a kira wannan adalci ba, ko da ganuwar ta yi ƙarko.

Da yamma na haura dutsen Zijin, inda kabarinsa yake, wanda ake kira Xiaoling. Hanyar shiga jere take da dabbobin dutse: zakuna, raƙuma, giwaye, dawaki, wasu a tsaye wasu a durƙushe. Yara na ta rungumar ƙafar giwa ana ɗaukarsu hoto. A can ƙarshe akwai wani tudu mai cike da itatuwa, a ƙarƙashinsa aka binne shi a 1398 inda aka riga aka binne matarsa Ma, kuma har yau ba a tone ɗakin kabarin ba.

Magariba ta kusa, na sauko na nemi tasi zuwa masallacin Jingjue, wanda asalinsa tun zamanin wannan sarki ne. A kusa da shi na samu taliya da naman sa na halal.