Bilendar da na taɓa, ban saya ba

Yau da safe ƙaramar bilendata ta ƙone a tsakiyar markaɗen aya. Ayar ta kwana a jiƙe, ga dabino da kwakwa na riga na zuba, sai kawai na ji ƙauri, ta yi wani gurnani ta tsaya cak. Da la'asar na shiga babbar kasuwar Katsina neman wata. Mai shagon ya sauko mini da wata ƙatuwa mai wat 1500, ya jefa busasshiyar masara a kofin, kafin in gyara mayafi ta zama gari. Na sa yatsa na murza, laushi kamar an tankaɗe. Wallahi raina ya biya. Tawa da ta mutu wat 350 ce, shi ya sa aya ke wahalar da ita. Ya ce, "Hajiya, wannan har waken ƙosai da na awara za ta ci miki."

Ina riƙe da kwalin na tuna janaretan gidanmu bai kai wat 1000 ba, ba zai ko tayar da ita ba, wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa. Kuɗinta ma ya kusa na buhun shinkafa. Sai fuskar Sadiya ta faɗo mini, yarinyata da ke ɗaukar bokiti zuwa injin markaɗe da rana tsaka, ta dawo miya ta ɓata mata hijabi. Na ajiye kwalin na ce sai na yi shawara da maigida. Har yanzu garin masarar nan yana ƙarƙashin farcena, kuma ina son bilendar nan.