Wata 7 ina buga ƙwarya kafin a bar ni in taɓa fiyano

Ni dai in za a faɗi gaskiya ba son kiɗa ne ya fara kai ni wajen ba, son a san ni ne. Lokacin ina ajin da ake rubuta jarrabawar BEPC a lise, wato sakandare, nan Garwa ta Kamaru, duk yaran unguwarmu kowa wayarsa cike da waƙoƙin Kano, ni kuma na sa wa raina cewa abin nan ai ba wuya, ka samu fiyano ka danna kiɗa ya tashi da kansa ka ɗora murya a kai shikenan ka zama wani. Sai wani abokina da muke zama benci ɗaya yace min akwai wasu malaman kiɗa da suka haɗa ƙungiya, suna aron aji a wata lekol, wato makaranta, ran Laraba da yamma tunda ranar ana tashi da wuri, da kuma Asabar bayan la'asar, kotizasiyon, wato kuɗin ƙungiya, sefa 500 a wata. Nace kai 500 kawai? Ran Asabar ɗin nan tun kafin a buɗe ƙofa ina tsaye.

Ba wata babbar ƙungiya ba ce fa, kar ku ɗauka ko ofis gare su. Mutum biyu masu koyar da waƙa a coci su ne suka iya karanta solfej, wato rubutun kiɗa, sosai, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga masu busa na soja wanda kowa ke ce wa Metir, sai wata Madam da ke koyarwa a firamare, sai mai fiyanon da ke zuwa bukukuwa, sannan tsofaffi biyu da aka sha wahala kafin su yarda su riƙa zuwa, ɗaya mai kalangu ɗaya mai goge. A aji ɗaya za ka ji Faransanci da Fulatanci da Hausa duk a haɗe, Metir ya yi bayani da Faransanci, Madam ta maida Fulatanci, Baba mai kalangu yace shi duk bai gane ba amma dai a buga ya ji.

Ranar farko Metir ya tambaye ni me nake so in koya, nace fiyano. Bai ce komai ba, ya tafa hannu wani tafi mai sauƙi yace in maimaita, na maimaita, yace in ci gaba kar in tsaya, ya juya yana magana da wani kamar ya manta da ni. Bayan kamar minti 2 ya waiwayo yace kai tun ɗazu ka bar inda muka fara, gudu kake kamar an biyo ka. Ya shiga lungu ya ɗauko ƙwarya ya kife a kan wani tsohon bargo ya ba ni zobba biyu yace ga fiyanonka.

Wallahi raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ƙwarya fa! Abin da tun muna yara muka sani kiɗan mata ne, na amada da gidan suna, ni da na zo da niyyar zama tauraro. Ga fiyanon can a kan tebur mai maɓallai 61 an lulluɓe shi da zane saboda ƙura, wasu 'yan mata biyu da ba su kai ni shekaru ba su ake bari su taɓa. Na yi niyyar ba zan sake dawowa ba, abin da ya dawo da ni kawai na riga na biya kuɗin wata.

Ga kuma rigimar gida. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san kiɗa gado ne, kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, kakaki kuwa sai sarki, kowane da gidan da ake haihuwar masu yin sa, mu kuma gidanmu ɗinki muka gada. Wata biyu ina ɓoyewa ina cewa darasin ƙari nake zuwa, ran da Babanmu ya ji ya kira ni zaure yace, mu ba mu gaji roƙo ba, ko ka taɓa ganin wani a zuri'ar nan ya bi mutum yana masa kirari don a ba shi dala? Na yi shiru. Kawu ne ya shiga maganar, shi ma ba don yana son kiɗan ba sai don ya san Metir a masallacin kasuwa, aka yi sharaɗi uku, in sakamakon lekol ya sauka an daina, magariba ta same ni a gida, kuma kar a kuskura a gan ni ina wasa wani a bainar jama'a. Har yau ina kan na ukun, na biyun ne dai muka ɗan sassauta.

Toh haka na zauna da ƙwaryata. Rabin lokaci solfej, layi 5 a allo, do re mi fa sol la si, nuwar bugu 1, balansh bugu 2, rond bugu 4, kurosh rabin bugu, muna kwafa a kaye, wato littafin rubutu, kamar lissafi. Sauran rabin kuma Metir ya kunna na'urar ƙirga bugu ta cikin wayarsa ya ajiye kusa da kunnena, tak tak tak, in bi ta, can sai ya rage muryarta gaba ɗaya ya bar ni ni kaɗai na ɗan lokaci sannan ya dawo da ita a ga ko muna tare. Ba mu taɓa zama tare ba a watan farko, kullum na riga ta isa. Daga nan ya kawo wanda ya fi ba ni ciwon kai, hannun dama ya yi 3 a daidai lokacin da hagu ke yin 2, wanda in ka lura yawancin kiɗanmu a kansa yake zaune, kafaɗa na rawa da ɗaya ƙafa na takawa da ɗaya. Baba mai kalangu yana yin sa yana cin goro yana hira, ni kuwa sai na rufe ido ina cije leɓe.

Abin kunyar ya faru ne a makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu, wata lekol ta gayyaci ƙungiya mu yi wasa da dare. Waƙa ɗaya aka ba ni in riƙe, wata yarinya ce ke rerawa, baitocin dogaye ne da ke son numfashi. Da na ga mutane sun cika fili har da 'yan ajinmu suna kiran sunana sai jinina ya hau, na fara ƙara wuta ba tare da na sani ba, mai fiyano ya biyo ni don ba shi da yadda zai yi, yarinyar nan tana ta haɗiye kalmomi tana waiwayo na, kafin baiti na uku numfashinta ya ƙare ta tsaya cak ta ajiye makirfo ta sauka tana kuka. Mutane suka yi ta dariya, kuma ita suke wa dariyar, ba wanda ya san ni ne na kashe ta. Wannan ne ya fi cin raina har gobe.

Metir bai yi min faɗa ba, ko kallo na bai yi ba, wanda da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi. Ran Asabar Baba mai kalangu ne ya kira ni gefe yace, yaro, a gidanku ana daka? Nace ana yi Baba. Yace to bar wannan abin na waya, je ka zauna kusa da turmi in mata biyu ko uku suna lugude, ka ga ko akwai wadda ke riga 'yar'uwarta, in ta riga taɓarya za ta haɗu da taɓarya a fasa wa wata baki. Na je na zauna kamar wawa a tsakar gida ina kallon Inna da ƙanwarta suna surfe, har Inna tace lafiya kuwa? Abin da na gani shi ne ba mai ƙirga komai a cikinsu, kowace tana sauraron saukar taɓaryar ɗayar ne, ta san ramin da aka bar mata ta faɗa ciki. Ni kuwa duk watannin nan kaina kawai nake ji. Da na koma na daina kallon hannuna na fara kallon ƙirjin mai waƙa, inda take ɗaukar numfashi nan nake sanin ko na matse ta.

A wata na 7 aka yaye zanen fiyano aka ce in zauna. Kuma abin dariya, ban daɗe a kai ba na sake cin karo da wani bango. An haɗa ni da Baba mai goge, na riƙe masa do na ce ya ɗaure tsarkiyarsa daidai da nawa tunda an koya mana cewa sautin la yana kan girgiza 440 a daƙiƙa duk duniya, tsohon ya kalle ni yace shi da muryarsa yake ɗaure goge, in ya kwana da mura goge ma ya kwana da mura. Dole ni na nemo maɓallin da ke ɗaga sautin fiyano ko ya sauke shi, na bi shi. Ko da hakan akwai wani sauti guda da yake ja da yatsa wanda ba fari ba ne ba baƙi ba ne a fiyanona, yana tsakanin biyu, in na danna na sama ya yi tsami in na danna na ƙasa ya yi lami. Na tambayi Metir yadda ake rubuta shi a layi, yace sa 'yar kibiya a kai ka bar wajen, in an zo nan ɗaga hannunka ka bar goge ya wuce. Malaman coci biyun nan ma sun sha musu da tsofaffin a kan irin wannan, su suna cewa abin da ba a rubuta ba zai ɓace, tsofaffin suna cewa abin da aka rubuta ya riga ya mutu, ni dai a ganina kowa na da rabin gaskiya kuma amfanin ƙungiyar kenan da ta tara su a ɗaki ɗaya, don da wajen mutum ɗaya na koya da na fito da kunne ɗaya.

Maganar dama kuwa, ba irin wadda na yi mafarki ba ce ta zo. Duk 21 ga Yuni ana bikin kiɗa, wanda aka faro a Faransa a 1982 mu ma muka ɗauka, ƙungiya takan sa ɗalibai su hau dandamali, kuma da yake damina ce fatar ganga takan saki saboda danshi sai an kanga ta a wuta, aikin mu yara kenan mu hura gawayi a bayan fage. A wajen hura gawayin nan mai sono, wato mai kayan sauti, ya gan ni ya ce in taya shi jan waya, daga nan na koyi haɗa lasifika da inda ake ajiye makirfo don kar kalangu ya danne murya, yanzu kuɗin da nake samu a harkar sono ya fi na kiɗan kansa. Wani mai situdiyo kuma ya fara kira na in buga masa ƙwarya a waƙoƙin biki saboda yace ba ya sai ya yi ta gyara bugu na a kwamfuta, ƙwaryar da na raina ɗin nan dai. A lokacin hutu ana yin sati biyu na gyaran kaya, a nan na ga yadda ake shafa ƙaro a izgar goge don ta kama, da yadda ake sake ɗinke fatar kalangu. An taɓa kawo mana mai algaita ya nuna mana yadda ake busa ba a yanke numfashi, ya ba kowa kofin ruwa da tsinken shan lemo yace a yi ta hura kumfa ana shaƙar iska ta hanci kar kumfar ta tsaya, duk muka shaƙe muna tari yana ta dariya. Sannan ƙungiya tana ba da takardar shaida a ƙarshen shekara, ba wata babbar takarda ba ce amma tana shiga dosiye, wato fayil ɗin takardun mutum, kuma tunda aka buɗe jami'ar Garwa a 2022 mai cibiyar koyon fasaha a ciki, yaran da ke bayanmu sun fara tunanin abin da mu ba mu yi ba, da can sai dai ka ji ana maganar cibiyoyin fasaha na Fumban ko Nkongsamba.

Ba wai komai lafiya lau ba ne. Fiyano ɗaya ne ga yara sun fi 20, in wuta ta ɗauke a zafin Afrilu sai a koma tafi, malaman ba biyan su ake ba don haka duk wanda biki ya faɗo masa ran Asabar ba za ka gan shi ba. Abin da ya fi damu na 'yan matan ne, su suka fi mu kunne wallahi, amma da sun kai wani shekaru sai gida ya janye su, waccan da na sa ta kuka ma ta daina zuwa tun bara, na dai samu na ba ta haƙuri kafin nan, tace ai ta san ni ne tun a daren.

Yanzu aikin da Metir ya ɗora min shi ne in riƙa zuwa gidan Baba mai kalangu ran Lahadi da safe ina ɗaukar take-taken da ya sani a waya, ya buga, ya faɗi abin da kalangun ke cewa da baki, in rubuta kalmomin a kaye da wanda aka yi wa taken, don kalangu magana yake, hawa da saukar muryar Hausa yake bi in an matse tsarkiya ko an saki. Mun yi 14. Makon da ya wuce ya fara wani sai ya tsaya a tsakiya ya dafe fatar da tafin hannu yace in kashe wayar. Nace Baba lafiya? Yace wannan taken wani mahauci ne da ya rasu, 'ya'yansa na nan a kasuwa, ba a tada shi haka kawai a ɗaki ba kowa, sai na je na gaya musu, in sun yarda su zo su zauna, kuma in taho da goro.