Yadda na koyi sarrafa "zich schamen"

A cikin fi'ilan Holanci da na koya, wanda ya fi ɗaukar min lokaci shi ne zich schamen, wato jin kunya. Wahalarsa ba a ma'ana take ba. Fi'ilin ne ba ya tafiya shi kaɗai, dole sai da ɗan wakilin suna mai komawa kan mai aikatawa. Don haka na daina haddace schamen zalla, na koma rera shi da abokin tafiyarsa kamar karatun allo: ik schaam me, jij schaamt je, hij schaamt zich, wij schamen ons, jullie schamen je, zij schamen zich.

Rubutun ma da nasa tarko. Schaam na da harafin a guda biyu, schamen na da ɗaya, amma duka dogon wasali ne; idan gaɓa ta ƙare da wasali ba a ninka shi. A tambaya kuma, idan jij ko je ya biyo bayan fi'ili, t ɗin ƙarshen schaamt sai ta faɗi: schaam je je niet? Je biyu a jere, na farko mai aikatawa, na biyu mai komawa kansa. Shuɗaɗɗen lokaci bai ba ni wuya ba: schaamde, schaamden, ik heb me geschaamd. Ana sa -de ne, ba -te ba, saboda m ɗin ƙarshen schaam ba ta cikin baƙaƙen 't kofschip, kalmar da ɗalibai ke tuna ƙa'idar da ita.

Da na bi asalinsa sai na ga ashe dangi gare shi: sich schämen a Jamusanci, shame a Turanci. Har a fassarar Baibul da wani bishop mai suna Wulfila ya yi zuwa harshen Gotawa a ƙarni na 4 akwai skaman sik, da wakilin sunansa a gefe. Shi kuwa zich baƙo ne daga gabas, ɓangaren Jamus. A Holancin tsakiyar zamani hem da haar ake sawa, kuma fassarar Baibul ta Holanci mai suna Statenvertaling ta 1637 na cikin abubuwan da suka kafa zich a rubutu.

Sai dai a yi hattara: schamen kunyar abin fallasa ce, ba irin wadda ake yabon yarinya da ita a gidajenmu ba. Mai nauyin baki gaban mutane verlegen ake ce masa. Idan uwa ta daka wa ɗanta tsawa da "Schaam je!", laifi ya yi.